Shafi na Arba'in da Ɗaya

Farfesa ta ƙi sa hannu a littafin waiwaye na Auta ranar Litinin da safe, kwana huɗu kafin a rufe rajistar jarrabawar ƙwarewa. In babu sa hannun, babu jarrabawa sai baɗi.

Auta likitar haƙori ce, tana shekara ta uku a karatun ƙwarewa a asibitin koyarwa, ita ce ƙarama a ajinsu. Dokar sashen ce bayan kowane aiki ɗalibi ya rubuta abin da ya yi, inda ya kuskure, da matakin da ya ɗauka. Kowane shafi na da lamba. Nata ya yi tsalle daga arba'in zuwa arba'in da uku.

"Ɓera ya ci?" in ji Farfesa.

"Shayi ne ya zube a kai, ranki ya daɗe."

"Shayin da ya zaɓi Larabar sha biyu ga wata ita kaɗai. 'Yata, ni ba tarihin waliyyai na ce ku rubuto mini ba. Kawo mini Larabar."

A waccan Larabar Auta ta yi wa wani dattijon tela wankin jijiyar haƙori. Bakin siririn ƙarfen da ake goge ramin jijiya da shi ya karye a ciki, guntun bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta cike haƙorin, ta ce masa an gama. Da yamma ta rubuta komai. Washegari ta yage takardar.

Karyewar ƙarfe ba laifi ba ce, tana samun kowa. Ɓoye wa majinyaci ne ke kai likita gaban kwamitin ladabtarwa.

Da ta baro ofishin Farfesa ta koma ɗakin ɗalibai, ta kasa zama. Ta buɗe lokar ajiye kayanta, ta rufe, ta wanke hannu sau biyu. Dogo, ɗan ajinsu, yana kallonta daga kan benci.

"Ke ma da neman magana," ya ce. "Kuskuren da ba ya cizo ake rubutawa. Ni sau uku ina rubuta na manta ban daidaita fitila ba. Har 'madalla' ta sa mini."

"Hoton haƙorin na cikin fayil. Ƙarfen na nan, fari tas."

"Wa ke da lokacin duba fayil ɗin tela?"

"Telan ne ke tauna da shi, Dogo."

"To, Hajiya mai gaskiya, sai mun zo gaishe ki a kwamiti."

Ranar Talata ta sake rubuta shafukan biyu, ta kai ofis. Farfesa ta karanta a tsaye, ta ɗora yatsa a layin ƙarshe, inda ake rubuta matakin da aka ɗauka. Babu komai a wurin.

"Ya sani?"

"Tukuna."

"In ya ji daga bakinki, ki cike nan, in sa hannu. Maganar kwamiti kuma ban yi miki alkawari ba."

Auta ta kira lambar da ke fayil ɗin sau bakwai, waya a kashe. Ranar Laraba, bayan majinyacinta na ƙarshe, ta bi adireshin har layin teloli, ta tarar da shagonsa a kulle da kwaɗo. Mai guga na kusa ya ce Baba ya kwana uku bai fito ba, ranar ƙarshe da ya gan shi yana riƙe da kumatu. Gidansa kuwa bai sani ba.

Ta rubuta lambarta a takarda, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa.

Za a rufe rajista ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu. Har yammacin Alhamis telan bai kira ba.