Ayisin Injin Caca

Injinan caca bakwai aka jibge a bayan ofishin kwamiti a Kabo, rana tana dukansu, wata akuya ta haye kan na ƙarshe tana tuƙa abinta. Gobe Alhamis bayan la'asar za a farfasa su a gaban jama'a. Malam Gamaliel ya durƙusa a bayan na uku, ya tura tabarau goshi, ya kafa ido a wata ɓarakar katako. Can ciki ya hango wani koren fanel, a tsakiyarsa kuma ga baƙar ayisi, 'yar ƙwaƙwalwar nan ta kayan lantarki, mai ƙafa ashirin, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai da ya dafe ƙasa da hannu.

Shekara biyu ke nan yana neman irinta. Malamin kimiyya ne a wata sakandare a Gwarzo, shekararsa goma sha tara a garin tun da ya baro kudancin Kaduna, kuma duk unguwar an san cutarsa: ba ya iya ganin mataccen rediyo ya wuce. Ayisin da kowane mai gyara ya sani, da aikinta ake ƙera ta, ba ta canzawa. Ita wannan da yake nema ba ta zuwa da komai a kanta, kai ne za ka rubuta mata aikin da kake so, ta yi maka abin da ayisi goma ke yi. Ya tattake Sabon Gari rumfa-rumfa har takalminsa ya buɗe baki. Wasu su ce ba su taɓa ji ba, wasu su miƙo masa ayisin talabijin su rantse ita ce. Mutum ɗaya ne ya gane abin da yake nufi, ya ce sai an aika Legas, ya faɗi kuɗin da ya haura albashin wata. Albashin ma a wannan zamani na tsuke bakin aljihu sai ya ga dama yake zuwa. Gamaliel ya dawo gida ya haɗa ɗan akwatin da ake rubuta wa ayisin aiki da hannunsa, daga zanen wata tsohuwar mujalla, ya ajiye shi a kan kabad da gurbinsa fayau, Lucia matarsa tana share masa ƙura tana tsaki.

Yau ga abin nan, taku ɗaya tsakaninsu, kuma gobe guduma za ta hau kansa. Takaici kamar ya kashe shi.

"Malam Gama, ko sallah ka fara ne ban sani ba?"

Malam Hammadu ne tsaye a kansa yana dariya. Dattijo ne dogo, kakanninsa makiyaya, shi kuwa noma da kiwon 'yan shanu ya riƙe a gefen Kabo, kuma yana cikin kwamitin da dattawan gari suka kafa tun da aka ƙaddamar da shari'a. Rediyonsa ya fi shekara goma yana rayuwa a hannun Gamaliel. Shi ne ma ya ba shi labarin injinan, da aka kwaso su daga wata rumfa a bayan tasha.

Suka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi shanu da 'yan makaranta, sannan Gamaliel ya fashe.

"Malam, ka san abin da za ku fasa gobe kuwa? Katakon ku ƙone shi, gilashin ku niƙe shi, ba ruwana. Amma abin da ke ciki ba shi da laifin komai. Abin da aka koya masa yake yi. A ba ni shi in goge, in koya masa wani aikin."

"Kamar wane aiki?"

"Ƙararrawar makaranta. Ta riƙa kaɗa kanta a kan lokaci, safe da tashi da canjin darasi."

Hammadu ya shafa gemu ya daɗe yana kallonsa. Daga nan ya ce ya biyo shi.

Shugaban kwamitin, Alhaji Jalo, mutum ne da ba ya gaggawar magana, kuma ba ya son a yi masa gaggawa. Ya saurari bayanin har ƙarshe, carbi yana tafiya a hannunsa. Gamaliel ya zana masa ayisin a bayan ambulan, ya yi bayanin ƙafafu ashirin ɗaya bayan ɗaya, har sai da Hammadu ya taka masa ƙafa.

"Malam, na ji ka," in ji Alhaji Jalo. "Ba na zarginka da komai. Amma iyaye ne suka zo nan da kuka, 'ya'yansu sun zuba kuɗin makaranta a cikin akwatunan nan. Mun yi musu alkawari ko ƙusa ba za ta fita ba. Gobe in aka ji zuciyar injin tana Gwarzo, me zan ce musu?"

"Ranka ya daɗe, ba zuciya ba ce, ayisi ce."

"Ko ma mece ce."

Gamaliel ya buɗe baki zai sake komawa kan ƙafafu ashirin, Hammadu ya riga shi.

"Alhaji, ni na tsaya masa. Na san mutumin nan. In ya ce abin zai bar caca, zai bari. In kuwa aka sake ganin ya yi caca ko sau ɗaya, ku cire ni daga kwamitin nan, ku faɗa wa gari dalili."

Carbin ya tsaya. Alhaji Jalo ya dubi Hammadu, ya dubi Gamaliel.

"Guda ɗaya. Mako biyu. In sun cika, ranar Alhamis ku kawo mini shi nan yana kaɗa ƙararrawa, in nuna wa mutane."

Da kwalin sabulu Gamaliel ya shigo gida, rungume a ƙirji. Lucia tana tsince shinkafa a tsakar gida. Tana jin inda abin ya fito, ta ajiye faifan.

"Injin caca? A gidan nan? A wannan lokacin?"

"Ba inji ba ne, fanel ne kawai."

"Baban Tina, shekara goma sha tara muna zaune da mutanen nan ko kallon banza ba a taɓa yi mana ba. Wasu sun tattara sun koma gida, mu muka zauna saboda mutuncin da muke da shi. Shi ne za ka je ka ɗauko mana magana a kwalin sabulu? Kuma ka jawo bawan Allah ya ɗora sunansa a kai?"

"Mako biyu ne kawai."

"Haka ka ce da ka kwance mini dutsen guga."

Maganar dutsen guga kam gaskiya ce.

Da ya fito da fanel ɗin a haske ne ya ga abin da ɓarakar katako ta ɓoye masa. An kankare lambar da ke bayan ayisin tas, da gangan, don kada wani ya kwaikwayi injin. Irin wannan ayisi kashi biyu ce, kuma kamarsu ɗaya. Akwai wadda take kamar allo, a wanke a sake rubutu. Akwai wadda sau ɗaya tak ake rubuta mata, abin da aka ƙona a cikinta ya zauna har abada. Lambar ce kaɗai ke bambanta su, ga shi wani mugun mutum a wata ƙasa ya bi ta da sanfefa.

Kwamfuta ɗaya ce a makarantar, a ofishin firinsifal, an lulluɓe ta da zani kamar amarya. Sai ya jira an tashi, ya roƙi makulli, ya roƙi wuta ta zo. Ran da aka kawo wuta babu makulli, ran da aka sami makulli babu wuta. A rana ta huɗu ya sayi fetur kwalba biyu ya tayar da janareta, ya jona ɗan akwatinsa da kwamfutar. Ya zare ayisin a hankali, ya dasa ta a gurbin da ya shekara biyu yana jiranta, ya ba da umarnin gogewa. Kwamfuta ta yi nazari ta ce ba ta gogu ba.

Ya zargi akwatinsa, ya warware shi ya sake haɗawa. Ya zargi wayar, ya canza ta. Ya ƙara ƙarfin wuta har ayisin ta yi zafin da ba ta taɓuwa. Duk lokacin da ya gama, sai ya mayar da ita kan fanel ya jona batirin babur don ya ga ko ta manta. Ina! Yana danna jan maɓallin da ke jikinsa, ƙananan fitilu goma sha biyun da ke kewaye da fanel ɗin sai su kama zagaye, tsaf yadda suke yi a bayan tasha, su rage gudu, su tsaya a kan ɗaya. Ya zage ta da Hausa, ya zage ta da Turanci, ya koma yarensu. Ko a jikinta.

A rana ta goma ya daina yaudarar kansa. Mai rubutu ɗaya ce. Caca aka koya mata, caca ta sani, kuma babu malamin da zai raba ta da ita.

Wata dabara ta zo masa, kuma ba ta da wuya. Akwai tsohon agogon tebur a cikin tarkacensa. Zai iya ɓoye cikinsa a ƙarƙashin fanel, ya yanke ƙafafun ayisin ta zauna a sama don ado, agogo ya riƙa kaɗa ƙararrawa. Alhaji Jalo ba zai taɓa ganewa ba, duk Kabo ma babu mai ganewa. Ya zauna a inuwar zaure ranar Asabar ya fara, aikin yana tafiya sumul, abin da ya ƙara ba shi haushi ke nan. Lucia ta zo wucewa da bokiti ta tsaya.

"Ta yi?"

Ya gaya mata abin da yake yi. Ya zaci faɗa za ta yi, sai ta zuba wa agogon ido.

"To, ranar Alhamis Malam Hammadu zai miƙe a gaban mutane ya ce ga shi, abin ya bar caca. Kai kuma kana gefe ka san agogona ne."

"Agogonki?"

"Na aurena ne. Ka manta, ko?"

Ta ɗauki bokitinta ta shige. Ya zauna da ƙarfen sodar a hannu har ya huce. Sannan ya yi wani dogon tsaki, ya zare cikin agogon ya mayar masa da shi gidansa.

Ranar Litinin da hantsi ya hau motar Kabo, daga bakin titi ya taka zuwa gidan Hammadu. Ya same shi a gindin dalbejiya yana gyara igiyar shanu. Asta matarsa ta kawo fura, aka gaisa, aka sake gaisawa. Gamaliel bai taɓa furar ba. Ya buɗe kwalin, ya shimfiɗa fanel ɗin a kan tabarma, ya jona batir.

"Malam, na zo in ba ka haƙuri ne. Ta ƙi."

"Ta ƙi me?"

"Ta ƙi gogewa. Irin wadda ba a sake mata rubutu ce. Ban sani ba sai da na gwada. Na sa ka yi magana a gaban Alhaji a kan abin da ban tabbatar ba."

Hammadu ya ajiye igiyar. Bai yi fushi ba, ya dai matso yana leƙen abin, irin leƙen da yake yi wa cikin rediyonsa in an buɗe.

"Wannan 'yar mitsitsiyar ce ta gagare ka? Yanzu me take yi?"

"Abin da ta saba."

"Wannan jan abin fa, na mene ne?"

Kafin Gamaliel ya ce kada, yatsan dattijon ya sauka a kan maɓallin. Fitilu suka kama zagaye. Suka yi gudu, suka rage, suka yi kamar za su tsaya, suka ƙara taku ɗaya. Sai gaba ɗayansu suka hau walƙiya lokaci guda, 'yar lasifikar da ke gefe ta ɓarke da wani kiɗa mai tsini, har kajin gidan suka watse. Kwana goma sha biyu Gamaliel yana danna maɓallin nan wurin gwaji, ya danna ya fi sau ɗari uku, bai taɓa jin wannan kiɗan ba.

"Me ke nan kuma?" in ji Hammadu.

Gamaliel ya rufe ido.

"Ka ci, Malam."

"Na ci me?"

"Babbar. Wadda duk yaran tasha suke nema."

Hammadu ya janye hannunsa da sauri, ya goge yatsan a jikin riga, yana istigfari. Asta ta leƙo daga ƙofa tana tambayar ko biki ake yi. Kiɗan bai fasa ba sai da Gamaliel ya fizge wayar batir. Su biyun suka zuba wa tabarma ido.

"Shekara sittin da uku," in ji Hammadu a hankali, "ko karta ban taɓa riƙewa ba."

"Laifina ne."

"A'a, yatsana ne." Ya numfasa. "Ranar Alhamis zan je in gaya wa Alhaji yadda aka yi, har da wannan. Abin da suka yanke, shi ke nan. Amma ba zan kai masa ita da rai ba."

Ya miƙa hannu ya jawo dutsen da yake wasa wuƙa a kai, ya laluba ya ɗauko guduma daga cikin kayan garma. Gamaliel ya riƙe masa hannu.

"Bari, Malam. Ni na roƙo ta."

Gamaliel ya sa bakin sukudireba ya ɗago ayisin daga gurbinta, a hankali, gefe da gefe, yadda ya saba don kada ƙafa ko ɗaya ta lanƙwashe. Ya ɗora ta a kan dutsen ya daidaita mata zama. Ya ɗaga guduma da hannu biyu, da dukan haushin shekara biyu, sai ya ga abin bai kai haka ba. Bugu ɗaya ya isa.