Ƙofar Tashar Idu

"Ba asibiti ba tukuna. Juya dama, Lawal."

Lawal ya leƙa madubin Keke Napep ɗinsa. Mama Christiana, maƙwabciyarsa a Karmo, ta rame har zanenta na zamewa. Ɗanta Wisdom ya roƙe shi ya kai ta wurin likita kai tsaye, shi zai biyo su daga wurin aiki.

"Mama, Wisdom zai yi faɗa."

"Ni na haife shi. Kai ni tashar jirgin ƙasa."

Ya juya. Kafin a kafa tubalin tashar Idu ta yi noman doya a wannan fili, amma yau sai ta riƙa waige-waige kamar baƙuwa. Tituna sun haɗe, ga fitilu, ga masana'antu, ga tasi jere a ƙofar shiga.

"Rafin fa? Ina suka kai shi?"

"Yana ƙarƙashin kwalta, Mama."

Ya riƙe hannunta ta sauko. Ta daɗe tana duban tudun da ke nesa, ta matsa hagu, ta ƙara taku kaɗan, sannan ta zare silifas ta tsaya a gefen hanyar shiga.

"Nan ne. Akwai ɗorawa a nan da. Yarinyata ta fari tana kwance a ƙasa. Ba ta kai ga yin suna ba ma."

Wani mai gadi ya nufo su yana ɗaga hannu. Lawal ya tare shi. "Oga, don Allah. 'Yarta aka binne a nan." Mutumin ya dubi ƙafafun tsohuwar, ya koma ya ɗauko mata kujerarsa.

Jirgin Kaduna ya iso. Fasinjoji suka yi ta wucewa da akwatuna, ita kuwa tana zaune tana magana ƙasa-ƙasa da yarenta na Gbagyi, tana shafa ƙasa da tafin ƙafa. Lawal bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya kau da kai.

"Na gaya mata ina zuwa," ta ce. "To, mu je wurin likitanku."

Ba ta dawo gida ba. Ranar Lahadi da hantsi Wisdom ya ƙwanƙwasa ƙofar Lawal da labarin rasuwarta, sai suka zauna tare a dakali.

Bayan ruwan farko Lawal ya kawo fasinja tashar. Ciyawa ta tsiro siririya tsakanin tubalan daɓen, daidai wurin. Ya ɗauki akwatin fasinjan, ya kewaye ta.