Ledojin da Inna Ta Watsar

Ranar Talata ce, hadari ya taso daga wajen Argungu bai zubar ba, na hana Baba cinna wa karan shinkafarmu wuta a Zauro. Bimbo, wata mai abinci a Birnin Kebbi, ta ba ni irin laimar kwaɗi da ake ci, ta koya mini in dafa karan in ɗura a leda tare da irin. Baba ya ce in wannan ma ta watse kamar makaranta da kabu-kabu, gonar albasa zan bi shi, ba sauran magana.

Leda ashirin na jera a ɗaki. Bayan sati biyu suka yi fari fat, alamar irin ya kama. Rannan na dawo na tarar da ɗakin wayam.

"Inna, ina ledojina?"

"Waɗanda sunka yi hunhuna? Na watsar gindin mangwaro. Gidana ba juji ba ne."

Na ɗauki fartanya na bi Baba. Rana ta biyar Inna ta ƙwala mini kira. Na ruga gindin mangwaron. Wurin inuwa ne, nan ake zubar da ruwan wanke-wanke, ga laimomi sun tsattsafo ta duk inda leda ta yage.

Bimbo ta zo ta soya mana su da albasa. Baba ya ɗanɗana yana yatsina, sannan ya miƙo kwano.

"Ƙara min. Karan Sunusi maƙwabci ma kar a ƙone shi."

Abin da aka rasa: leda uku da awaki suka cinye, da kwana huɗu a gonar albasa.