Hoton Ƙurji a Baƙar Tawada

Inna ta dire jakar a kan teburin mai fotokwafi, kusa da kwanon da yake cin abinci. Bai tashi ba. Yatsunsa duk maiƙo, da su yake jera takardun mutane.

"Kai ka sayar wa Autata wannan?"

Ya leƙa jakar. "Tambayoyin jarrabawar lasisin likita ne, Baba. Kowa a nan yake saye."

"Ita ma haka ta ce. Wai littafin na ainihi ya yi tsada, naka duk ɗaya ne. To ta faɗi. Shekara da shekaru yarinya tana karatu, yanzu ba ta da izinin taɓa ko mai mura."

Inna ba ta san baƙi ba, amma ta san inda Auta ta naɗe gefen takarda tana kuka. Ta buɗe wurin ta tura masa har gaban hanci.

"Mene ne wannan?"

"Hoto ne."

"Na me?"

Ya karkatar da kai, ya juya takardar. "Kamar ƙafa."

"Bayan jariri ne, ɗan nema. A jarrabawa hoto mai launi aka nuna musu, aka ce su faɗi cutar. Ƙurji ja daban, mai ruwa daban, ido mai shawara daban. A naka duk gindin tukunya ne."

"Injin baƙi da fari gare ni. Su dai haddace amsa suke yi, wa ke duba hoto?"

 Inna ta tuna likitocin da suka taɓa ɗaga mata riga suna gyaɗa kai.

Ana haka wani dogo mai farin gilashi ya shigo, ya ce a ba shi irin wannan ɗin.

"Ɗana, duba nan tukuna," in ji Inna. "Me ka gani?"

Ya duba, ya yi murmushi. "Ba komai, Mama. An ce hotunan ba su da yawa a jarrabawar." Ya karɓi nasa ya fita. Inna ta bi fuskarsa da kallo sosai, don ko a sume aka kai ta gabansa ta farka ta ce a'a.

Sai idonta ya faɗa kan injin. Ƙarƙashin murfinsa wani littafi ne mai kauri a kife. Ta zaro shi. Ga bayan jaririn nan, ƙurajen jajir, har da ruwa a bakinsu.

Mai fotokwafi ya miƙe. "Baba, ajiye. Shi ne uwar, daga shi nake bugawa."

"Auta za ta sake zama jarrabawa. In ta ci, ka aiko."

"In kira 'yan sanda fa?"

"Kira su. Ka nuna musu ƙafar."

Ya koma ya zauna. Inna ta goge maiƙon bangon littafin da bakin mayafinta, ta rungume shi, ta bar masa jakar a gefen kwanonsa.