Kwamfutar da Ba Ta Buƙatar Difrag

Alhaji Manniru ya daɗe da yin ritaya daga ma'aikatar tarayya, amma bai bar difrag ba. Duk Asabar sai ya kunna tsohuwar kwamfutarsa a falon gidansa na Kubwa, ya sa ta tattara fayilolin da suka warwatse a faifanta, ya zauna da shayi yana kallon ɗigo-ɗigo ja da shuɗi suna shiga layi. Tun rasuwar matarsa Hajiya, wannan ne aikin da ya rage masa.

Da kwamfutar ta mutu, ƴarsa Nafeesa ta sayo masa laftof. Daga ofis ta wuto da ita, a tsaye cikin bas, ga cunkoso tun daga Gwarinpa. Kafin ta iso ƙafafunta sun kumbura.

"Ina wurin difrag?" Abin da ya fara tambaya ke nan.

"Baba, wannan ba ta buƙata. Ba faifai mai juyawa ba ne a cikinta. In ka matsa mata ma, tsufa za ta yi da wuri."

"Babu kwamfutar da ba ta buƙata. A ofis ni nake yi wa kowa."

Ba ta da ƙarfin musu. Ta kira Philip, mai kula da kwamfutocin ofishinsu, ta ƙara sautin wayar.

"Oga, bar shi kawai," in ji Philip. "Irin sabon faifan da ke cikinta, SSD, ba ya son difrag. Ko mai tsohon faifai ne, Windows na yanzu yana yi da kansa. Mac da Linux kuma tun da can ba su cika damuwa da shi ba."

Alhaji ya yi masa godiya. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya rufe murfin a hankali.

"Wato ita ma ba ta buƙatata."

"Haba Baba," Nafeesa ta ce. Ta zame a doguwar kujera don ta ɗan miƙe ƙafa kafin ta nemi motar gida.

Da ya juyo zai tambaye ta inda ake kashe laftof ɗin, har barci ya ɗauke ta, jakarta na rataye a kafaɗa. Ya tashi da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya juya fanka ta fuskance ta. Ya leƙa kicin ya ce wa mai aiki ta ƙara shinkafa, Nafeesa a nan za ta ci.