Rufin Ɗakin Gwaggo Dije

Shekarar da 'Yan Ƙoshiya suka hau babban rukuni, sai da Kakuri ta kwana uku ba ta san inda kanta yake ba. Ƙungiyar ƙwallo ce ta ma'aikatan masaƙa, shekara da shekaru tana fama a ƙasa, sai ga shi a tamanin da biyar za ta kara da manyan Legas da Inugu. Aka yanka sa, aka yi kiɗa, direbobin bas suna danna oda tun daga gada har Sabon Tasha. Gwaggo Dije ma ta yi murna, don ƙosanta ya ƙare tun hantsi.

Murnar ba ta kai wata biyu ba.

Gidanta na manne da filin wasan ta gabas. Ɗaki biyu ne na jar ƙasa da rufin kwano, abin da mijinta ya mutu ya bar mata ke nan bayan shekara ashirin yana tsaye gaban injin saƙa. Tana cikin ɗaya, ɗayan ta ba Dorcas haya, wata 'yar Kagoro mai keken ɗinki. Da can filin a buɗe yake, kowa ya zo ya tsaya a gefe ya yi kallonsa, har awaki. To ashe babban rukuni da dokokinsa yake zuwa: sai an kewaye fili, sai an yi ƙofa, sai an yanki tikiti. Aka kawo langa-langa aka zagaye wurin kaf, tsawonsa ya ɗan ɗara mutum. Ga shi ana cikin matsi, sabulu da madara ma sai an bi layi. Wa zai ba da naira guda don ya ga ƙarti na bin ƙwallo?

Sai wani shaiɗani ya gano cewa daga saman ɗakin Gwaggo Dije ana ganin ragogin nan biyu tas.

Ran wasan farko tana surfen wake ta ji ƙwaram a kanta. Ta fito da taɓarya a hannu, ta ga ƙato shida sun jere a kan rufinta kamar angulaye a mahauta.

"Kai! Uban wa ya aike ku saman ɗakina?"

"Gwaggo yi haƙuri, minti casa'in ne kawai."

"Casa'in ɗin gidanku! Ku sauko!"

"Ai ke kin fi kowa sa'a, Gwaggo, gidanki ya zama kujerar manya."

Wasa na biyu sun kai ashirin. Da zama kawai suke yi da sauƙi, amma da zarar 'Yan Ƙoshiya sun ci sai su miƙe su yi ta tsalle, in an ci su kuma su yi ta dukan kwanon da ƙafa suna zagin rafali. Ƙusoshi suka fara ficewa, kwano ya lotsa, katako ya tsage. Da ruwan farko ya sauka, a kan gadonta ya fara sallama.

Ba ta zauna ba. Ta turara barkono a ɗaki don hayaƙi ya kore su, ita da Dorcas suka yi ta tari har da hawaye, na sama ko atishawa. Ta zunguri rufin da taɓarya daga ciki, ta ƙara wa kanta huda. Ta kai ƙara wurin mai unguwa.

"Kin san sunayensu?" in ji shi.

"Na dai san tafin ƙafarsu."

Ya turo ƙanensa, wani gabjeje mai gora, ya kore su. Da aka ɗan jima ta leƙo, ta hango shi a can ƙololuwa, gora a hammata, yana ihun a ba da fenariti.

Daga nan ta nufi ofishin ƙungiyar. Sakatarensu, Mista Sylvanus, mutum ne mai fara'a da biro uku a aljihu.

"Mama, sai ki rubuta komplen."

"Na yi maka kama da mai rubutu?"

Ta je bakin gidan waya aka rubuta mata, ta dangwala yatsa, ta kawo. Bayan mako biyu ta koma.

"Yana kan teburin ciyaman, Mama."

"Teburin ne zai hau ya yi mini rufi?"

"Gaskiyar magana, abin da ke bayan fens ba namu ba ne."

"Kafin ku kafa fens ɗin naku, wa ya taɓa hawa ɗakina? Ku kuka rufe musu ido, suka zo suka buɗe shi a kaina."

"Za mu duba, Mama. Ki dawo gobe."

Takarda uku ta kai, gobe ba ta zo ba. Aka shiga Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ɗakinta ya cika da daro da bokiti da tukwane, ta ja gado nan, ta ja can, har ta rasa inda za ta ja shi. Bangon gabas ya sha ruwa ya yi laushi, tsaga ta fito tun daga sama, yatsa na shiga. Dorcas ta lulluɓe kekenta da leda ta ce in wata ya ƙare za ta koma wurin 'yar'uwarta.

"Gwaggo, ba don ba na son zama da ke ba. Bangon nan ba zai ga ƙarshen damina ba."

Dije ma ta san da haka.

Wata Asabar, an tafi hutun rabin lokaci, tana ɗauke da daron ruwa za ta zubar, sai ta ji mutum biyu suna gardama daidai kanta. Wata biyar tana jin irin wannan, har ta san satar gida da bugun kusurwa ba tare da ta taɓa gani ba.

"Na ce maka doka ce. In aka yi minti goma sha biyar rafali bai busa ba saboda fili bai kintsu ba, masu gida ne a ciki. A kwashe makin a ba baƙi."

"Ko akuya ce ta hana?"

"Ko akuya ce."

"Tab! Mu da muke na biyu daga ƙasa, in aka yi mana haka ai mun koma inda muka fito."

Ta ajiye daron a hankali. Ta leƙa ɗakin Dorcas.

"Ke, minti goma sha biyar ɗin nan, nawa ne a hankalin mutane?"

Dorcas ta yi ɗan tunani. "Kamar ki zuba ƙosai ki kwashe sau uku."

"Ya isa."

Asabar ta gaba baƙi daga Legas suka zo, filin ya cika ya batse. Dije ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta ɗauki wani fallen kwano da iska ta yaye daga rufinta, duk ya lanƙwashe ya huje, ta ɗora a ka. Masu ƙofa sun san ta, suka ɗauka inuwa za ta yi wa kaskonta, suka matsa mata. Ta tsaya a gefe har 'yan wasa suka jeru, aka jefa kwabo, kowa ya kama gidansa. Rafali na kai usur baki ta taka farin layin nan ta shiga. Ba ta yi sauri ba. Ta isa tsakiyar fili, ta ture ƙwallon da ƙafa, ta shimfiɗa kwanon, ta zauna a kai ta miƙe ƙafafu.

Da farko dariya aka yi. Rafalin, wani ɗan gajere, ya zo yana zuba Turanci yana nuna mata waje. Ta dube shi sama da ƙasa ta kau da kai. Kyaftin ɗin 'Yan Ƙoshiya, Jethro, wanda ya ci ƙosanta tun yana koyon aiki a masaƙa, ya durƙusa gabanta.

"Gwaggo, don girman Allah. Wasan nan shi ne rayuwarmu."

"Ni kuma ɗakina mutuwata ce? Kira mini mai ƙungiyar."

'Yan sanda biyu suka taho. Ta riƙe gefen kwanon da hannu biyu. Sai filin ya ɗauki ihu: "Kar ku taɓa ta! Uwar wani ce!" Suka tsaya suna duban juna. Wa zai ciccibi tsohuwa a gaban mutum dubu biyar?

Rafali ya duba agogo. Baƙi suka zauna a ciyawa suna murmushi, mai horar da su ma agogonsa yake dubawa. A lissafin Dije an kwashe kasko ɗaya.

Can sai ga ciyaman, Alhaji Tanko, ya sauko daga rumfar manya yana tattare babbar riga, Sylvanus na binsa a baya.

"Hajiya, me ya yi zafi haka?"

"Ban je Makka ba, kar ka saye ni da suna. Dije nake. Juya ka duba can."

Ta nuna gabas. Alhaji ya juya, 'yan wasa suka juya, filin gaba ɗaya ya juya. Ga rufinta can ya leƙo ta saman langa-langa, mutum ya fi talatin a kai, tsakiyarsa ya lotsa kamar bayan tsohon jaki. Da na saman suka ga duk idon duniya a kansu, wasu suka fara rufe fuska da hula.

"Ɗakina ke nan. Takarda uku na kawo, ga mai biro nan, tambaye shi."

Alhaji ya dubi Sylvanus. Sylvanus ya dubi takalminsa.

"To, Gwaggo, na ji. Gobe da safe..."

"Goben nan tun farkon damina nake jin labarinta."

Ya sa hannu a aljihu zai ciro kuɗi.

"Mayar. Takarda ba ta tare ruwa. Kwano nake so, sabo, yanzu. Da idona na ga an sauke na katangar nan, na ga wanda aka kafa, ragowar na cikin sito bayan ɗakin canza kaya. Sannan a ƙara wa katangar tsawo ta wajena, yadda ko raƙumi ya hau ɗakina ba zai ga komai ba."

Rafali ya ɗaga yatsu shida sama, alamar saura minti shida. Alhaji ya yi gumi har hula.

"Sylvanus, ina makullin?"

"Yana mota, ranka ya daɗe."

"To tsayuwar me kake yi?"

Ba a taɓa ganin Mista Sylvanus na gudu ba sai ran nan. Biro ɗaya ya faɗi, bai waiwaya ba. Jethro ya kira mutum bakwai cikin 'yan wasansa suka bi shi, sai ga su sun fito da bandir biyu a kafaɗa, cikin rigunan wasa da takalman ƙusa, suka ratsa fili suka nufi ƙofar gabas, jama'a na tafi kamar an ci ƙwallo.

"Saura katanga," in ji Dije.

"Na yi alkawari."

"Ba ni za ka gaya wa ba. Faɗa a abin maganar can, kowa ya ji."

Alhaji Tanko ya karɓi lasifika, ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Turanci, cewa kafin Laraba za a ƙara tsawon katanga ta gabas. 'Yan wasan suka dawo a guje suna haki. Sai a lokacin ta yunƙura, ƙafa ta ƙi, Jethro ya kama ta ta miƙe. Ta ɗauki tsohon kwanonta, don ko ba komai zai rufe akurki. Tana taka farin layi usur ya tashi a bayanta. Ba ta juya ba.

A ƙofar gida ta tarar da bandir biyun a jingine, Dorcas na zaune a kai kamar za a sace. Na sama suna ta saukowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa "Sannu Gwaggo" yana sulalewa. Na ƙarshe ya sauko da baya yana ɓoye fuska.

"Shekari? Har da kai? Kafinta guda, kana ji katako na kuka a ƙarƙashinka?"

"Gwaggo, sau biyu ne kawai."

"Ƙarya kake, na san tarinka."

Ya sosa ƙeya. "In na fito coci gobe zan zo da kayan aiki. Ba sai kin ba ni komai ba."

"Da ma wa ya ce zan ba ka?"

Ya zo kuwa, da mutum uku cikin masu hawan. Suka yaye tsohon rufin, suka canza katakon da ya tsage, suka cike tsagar bango. Laraba ta wuce ba a taɓa katanga ba, Alhamis da safe Dije ta ɗaura zanen bikinta ta je ta tsaya a ƙofar ofis, ko magana ba ta yi ba. Kafin la'asar an kafa dogayen sanduna an ɗora langa-langa hawa biyu.

Juma'a da rana hadari ya haɗo daga wajen Rido, aka tsuge da ruwa. Ta zauna a bakin gado tana bin rufin da ido, kusurwa zuwa kusurwa, tana jira. Ƙara kawai, kamar ana kiɗa a kanta. Ta sa tafin hannu a bangon gabas ta ji shi a bushe. Ta daɗe a haka. Ta cikin ƙarar ruwan ta jiyo keken Dorcas ya fara aiki.

'Yan Ƙoshiya sun yi kunnen doki a wasan Asabar ɗin nan, a ƙarshen kakar wasa kuma suka tsira da maki ɗaya tak. Masu cewa albarkar Gwaggo ce suna yi, masu cewa ta kusa kashe su suna yi. Ita dai ta ci gaba da suyar ƙosanta.

Ran wasan gida na ƙarshe, tana zaune a ƙofa tana tsince wake, sai ga wani baƙon fuska ya zo da sauri, ya dafa bangonta, har ya ɗaga ƙafa. Ya ɗaga kai ya ga katangar ta tokare sama. Ya sauke ƙafar.

"Gwaggo, ba a gani?"

"Ba a gani."

Ya tsaya yana shafa aljihu, sannan ya juya ya nufi wajen masu tikiti. Dije ta kakkaɓe zanenta, ta shiga ɗaki, ta saki labule, ta kwanta. Ihun filin na zuwa mata daga nesa, bai hana ta barci ba.