Hoton Cindo

A gafarce ni da karambani, ban taɓa rubuta labari ba. Na Lubabatu ne ya hana zuciyata sakat.

Sau uku ke nan tana kashe kwamfutar tana kunnawa, Basiru mai gyara yana tsaye a kanta yana girgiza kai. A shagon Alhaji Sule da ke bakin kasuwar Yelwa, ita ce mai tsara katin biki da kalanda, ita ce kuma mai ƙara wa hotuna girma. Jiya da hantsi wani direba ya kawo filas, ɗan abin nan na adana bayanan kwamfuta, ya ce kalandar ƙungiyarsu ce a ciki, a wani shagon intanet aka saukar masa da tsarinta. Tana buɗe fayil ɗin a manhajar zane, allo ya daskare. Da ya farfaɗo, duk abin da ta danna sai ya ƙi buɗuwa.

Basiru ya ce manhajar takan ware wa kowane fayil ɗan wuri a ƙwaƙwalwar na'ura. Wani mugu ne ya ƙera wannan da gangan ya wuce awo, ita kuma ba ta auna ba ta karɓa, rarar ta malala inda bai kamata ba, a cikin rarar nan kuwa aka ɓoye umarnin ɓarna. Ya ce masu manhajar sun daɗe da toshe kafar, amma ta shagon kwafin faifan kasuwa ce, ba ta sabuntuwa.

"Buhu ɗari kika loda wa kwalekwalen buhu goma, Malama," in ji shi. "Alhaji, wannan sai dai a wanke ta tas."

Alhaji Sule ya yi tsaki, ya ce katin biki ai ana sake shi, a wanke. Amma akwai abin da bai sani ba, Lubabatu kaɗai ta sani.

Makon jiya wata tsohuwa mai bandar kifi, Inna Tamada, ta zo daga Warra don a ƙara girman hoton ɗanta Cindo, wanda ruwa ya ci da damina, ba a ko ga gawarsa ba. Hoton ke nan guda tak, na ranar da ya sayi injin jirginsa. Danshin bakin tafki ya manne shi da gilashi. Lubabatu ta ɗauke shi da sikana a hakan, ya fito da ɗan dishi-dishi. Ta so tsohuwar ta ga ɗanta tangaran, sai ta ɗiga ruwan ɗumi, ta sa reza a hankali don ta raba takarda da gilashi. Fuskar ta narke a yatsunta. Ta naɗe gilashin a jarida ta tura ƙarƙashin tebur, tana lallashin kanta da cewa ai akwai shi a kwamfuta.

Ta rage murya ta roƙi Basiru ya ceto mata hoto ɗaya kafin ya wanke. Ya zolaye ta da cewa ko na saurayi ne, amma da ya dubi idonta sai ya ja kujera. Ya fi awa yana fama. Abin da ya fito a ƙarshe sararin sama ne da saman hula, daga nan zuwa ƙasa toka-toka.

Bayan azahar Inna Tamada ta shigo, ta ajiye ƙullin banda a kan tebur, ta ce na ɗiyarta Lubabatu ne. Alhaji Sule ya gaishe ta, ya shaida mata na'ura ta samu matsala, ta ƙara haƙuri zuwa wani mako.

"Ba komi, Alhaji, ƙarhe ma yana gajiya." Ta juyo ga Lubabatu. "Ɗiyata, ba ni ɗan ƙaramin nawa in koma da shi, in an gyara na kawo. Kwana bakwai ɗin nan in na rufe ido muryarshi nike ji, amma fuskar ta fara ɓace mani. Kar ki yi mani dariya."

"Ba zan yi ba, Inna."

Alhaji ya ce Lubabatu ta ɗauko wa Inna hotonta mana. Ta ce to. Ta sunkuya ta jawo ƙullin jaridar, ta ɗan ɗaga gefensa. Riga tana nan, injin yana nan, hannun da ke dafe da shi yana nan.

Tsohuwar ta shiga ba Basiru labarin yadda Cindo yake gane wurin giwar ruwa da kallon kumfa kawai, har Alhaji ya bar abin da yake yi yana saurare. Lubabatu ta rungume ƙullin a ƙarƙashin mayafinta, ta zame ta ƙofar baya. Har ta kai kwanar masu kifi tana jiyo muryar Inna, ba wanda ya waiwaya.